Hannu Akwai, Ido Ne Babu: Nazarin Lamarin Wani Ɗan Kabu-kabu Mai Shirin Gwajin Tuƙi a Birnin Kebbi

Nazarin nan a kan wani matashi ne ɗan shekara 24, mazaunin Badariya a Birnin Kebbi, wanda ya yi shekara shida yana kabu-kabu kafin ya ce zai koma mota. Ba za a kira sunansa ba, haka ma kawunsa da malamin da ya koya masa tuƙi. Abin dubawa shi ne yadda mutumin da kowa ya shaida ya iya juya sitiyari tun kafin ya shiga makaranta ya kusa halaka kansa da kawunsa ana saura mako guda a yi masa gwaji, da abin da aka yi a kai bayan nan.

Wani ƙanen mahaifinsa ne da ake ce wa Alhaji, dillalin shinkafa da ke saye a Argungu da Suru, ya ce zai ɗauke shi direba. Sharaɗi ɗaya Alhaji ya kafa: lasin na gaskiya, ba irin wanda ake miƙa wa wani kuɗi da hoto a bakin tasha, bayan kwana biyu ya kawo kati, sai ranar da aka duba a kwamfuta a tarar babu sunanka.

Hanyar samun na gaskiyar a shimfiɗe take. Hukumomi uku ke da hannu a ciki: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, jami'an duba lafiyar motoci na jiha, waɗanda aka fi sani da VIO, sai hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Mai nema sai ya cika shekara 18. Zai shiga makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita, ya yi darasi 26 ana shigar da kowanne a kwamfuta, sannan a ba shi takardar shaida. Da ita zai je gaban VIO su gwada shi. In ya ci, ya cike fom a intanet da lambarsa ta NIN, ya biya kuɗi, a duba idonsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. A lokacin, akan ba mutum lasin wucin gadi na kwana 60 kafin katin ya fito. Katin na shekara uku ne ko biyar, gwargwadon wanda ya biya. Babur rukunin A ne, ƙaramar mota irin ta Alhaji kuwa rukunin B.

Makaranta biyu

Da safe yana makarantar tuƙi, cikin mota mai alamar L ta masu koyo gaba da baya. Da yamma kuma yana hannun kawunsa, ba Alhaji ba, wani tsohon direban haya da ya fi shekara ashirin yana jigila da Golf tsakanin Birnin Kebbi, Jega da Sakkwato. Babu wanda ya ga aibu a wannan tsari. Gani ake yi ƙarin alheri ne, yaro ya samu malamai biyu.

A darasi na uku malamin makarantar ya riga ya yanke hukuncinsa, ya kuma faɗa wa kawun ranar da suka haɗu wajen mai faci: "Wanga yaro naka hannu gare shi, ido ne babu." Kawu ya yi dariya, ya ɗauka yabo ne.

Hannun kam akwai. Bai taɓa barin mota ta mutu masa a danja ba, ya san lokacin sauya giya da kunne, ribas ɗinsa kamar ya shekara yana yi. Amma abin da shekara shida a kan babur ta dasa masa shi ma yana nan daram. Babur ɗinsa ba shi da madubi, ya cire su tun makon da ya saye shi, kamar yadda da yawa daga 'yan kabu-kabu ke yi. A kan babur ba a rufe kake ba, kunnenka na jin abin da ke bayanka, ɗan waiwaye kaɗan ka ga komai. A mota an kewaye ka da ƙarfe da gilashi, in ba ka duba madubi ba to ba ka san abin da ke bayanka ba, ko da kana jin kamar ka sani. Malamin ya lura yaron zai iya tafiya daga Gesse har Rafin Atiku idonsa bai sauka kan madubi ko sau ɗaya ba.

Sai batun faɗi. Babur bai kai mita ɗaya ba, ƙaramar mota kuwa ta haura mita ɗaya da rabi, kuma direba a gefen hagu yake zaune, dama ta yi masa nisa. Duk 'yar kafar da ya gani tsakanin Keke Napep da kwata, jikinsa sai ya ce masa zai wuce, don ya saba wucewa. Ham kuma a wurinsa izini ne: in ya danna, to ya sanar, saura ya rage naka. A shataletale ba ya tsayawa, sai dai ya rage gudu ya kutsa kai. Alhali tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, wanda ya riga shiga shataletale, wato mai zuwa ta hagunka, shi ke da hanya, kai mai shigowa sai ka jira.

Makarantar yamma ita ma ta ƙara nata. Kawu ya koya masa sakin giya a gangara don tattalin mai, da manne wa motar gaba "don kada wani ya shiga tsakani", da ratayo bel a kafaɗa ba tare da an maƙala shi ba in an hango 'yan rod sefti. Ya koya masa amsa waya da hannu ɗaya, sitiyari da ɗaya. Ya kuma koya masa yaren siginar manyan motoci, wanda shi ne ya kusa zama ajalinsu.

Yaron ba wawa ba ne. Da safe yakan yi yadda malam ke so, da yamma ya yi yadda kawu ke so. A tunaninsa na safe na cin gwaji ne, na yamma shi ne tuƙi. A ganina nan ne asalin matsalar take, ba a rashin sani ba. Dokokin duk ya haddace su. In ka tambaye shi iyakar gudun ƙaramar mota zai ce maka kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a hanya mai tagwayen layi, bai yi kuskure ba. Ya dai ajiye su ne a aljihun da ba a buɗewa sai ranar gwaji.

Abin da ya faru tsakanin Jega da Kalgo

Cikin Janairu ne, hazo ya sauka sosai. Kawu ya sauke fasinja a Jega, bai samu na komowa ba, sai ya ba yaron makulli bayan la'asar ya ce ya ja su gida. Babu alamar L a motar. Da za su fita gari sun hango jami'ai a bakin hanya, yaron ya maƙala bel ɗinsa da gaske don bai gama ƙwarewa da ratayawar ba, kawu ya rataya nasa yadda ya saba. Bayan sun wuce yaron ya manta bai cire ba.

Suka cim ma wata tirela maƙare da buhunan shanshera, tana tafiya kamar kilomita 60 a awa. Ya manne mata, tsakaninsu bai fi tsawon mota ɗaya ba. Suka yi 'yar tafiya a haka, ba ya ganin komai a gabansa sai bodin tirela. Can sai siginar hagu ta tirelar ta kama. Ya ɗauka direban na ce masa hanya ta buɗe, wuce. Bai duba madubi ba, bai kunna tasa siginar ba, bai sauko da giya ba, ya karkata hagu ya taka totur. Kawu a lokacin kansa na ƙasa, yana lissafin kuɗin ranar.

Direban tirelar ba da shi yake ba. Amalanken shanu ce ɗauke da kara a gefen kwalta ta dama, yana son ya kauce mata. Yaron na daidai tayoyin baya tirela ta fara matsowa hagu. A daidai wannan lokaci fitilun wata bas suka ɓullo daga cikin hazo. Ya taka birki da ƙarfi, ya murɗa sitiyari hagu, mota ta sauka daga kwalta. Bakin kwaltar ya zaizaye, tayar gaba ta hagu ta daki kaifinsa ta fashe, motar ta ja jiki cikin rairayi ta tsaya a bakin wata gona. Bas ta wuce tana ham. Tirela ba ta ko tsaya ba, da alama direbanta bai san an yi ba.

Yaron ko ƙwarzane. Kawu ya buga goshi a gilashin gaba, sai da aka yi masa ɗinki a Kalgo.

A gida an yi ta barka, aka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta hana a zauna a tambayi yadda abu ya faru. Malamin makarantar ne ya yi wannan tambayar washegari, da ya ga yaron ya zo jiki a sanyaye.

"Kafin ka hito, mi kag gani?"

"Na ga sigina, Malam."

"Bayan sigina fa?"

"Shi ke nan."

"To sigina kag gani, ba hanya ba."

Malamin ya soke ranar gwajin da aka riga aka tsayar.

Kuskure nawa ne a cikin daƙiƙa goma?

In aka warware lamarin za a ga ficewar da ya yi ba ita ce kuskuren farko ba, ita ce ta kusa da ƙarshe.

Na farko shi ne mannewa. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Direba mai natsuwa yana buƙatar daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi tsakanin ganin abu da ɗora ƙafa a birki. Wato da tirelar ta taka birki, da ya shige ƙarƙashinta ƙafarsa ba ta bar totur ba. Mannewa kuma tana toshe ido. Wanda ya ja baya da tirela yana iya hango gefenta na dama da na hagu, da ya ga amalanken, da ya fahimci abin da siginar ke nufi. Wanda ya manne ba shi da labarin hanya sai abin da tirela ta ga dama ta gaya masa.

Shi ya kawo mu ga siginar. Gaskiya ne direbobin manyan motoci kan yi wa na bayansu ishara da sigina, kawu bai ƙirƙiro ba. Matsalar ita ce babu littafin da aka rubuta wannan yare a ciki. Wani in ya kunna ta hagu yana nufin wuce, wani yana nufin kul, akwai mota tafe, wani kuma abin da aka yi siginar dominsa yake nufi, wato zan karkata hagu. Fitila ɗaya, ma'ana uku, biyu daga ciki in ka fito ka shiga uku. Ko da ma direban wuce yake nufi, idonsa ne ya gani ba naka ba, bai san ƙarfin motarka ba, bai san ko ka sauko da giya ba. A dokar hanya siginar hagu ma'ana ɗaya take da ita, kuma ita ce daidai a wannan yammacin.

Lissafin shan gaban tirela shi ne abin da sababbin direbobi ba su cika yi ba, kuma malamin ya zana wa yaron shi a ƙasa da tsinke. A ce tirela na tafiya 60, kai kana 80. Bambancinku kilomita 20 ne a awa, wato mita biyar da rabi a daƙiƙa. Tsawon tirela ya kai mita 16 ko fiye. Ka haɗa da tsawon motarka, da tazarar da ka baro a baya, da wadda za ka bari a gaba kafin ka koma layinka, za ka samu kamar mita 60. Cinye wannan zai ɗauke ka kusan daƙiƙa 11. A cikin daƙiƙa 11 ɗin nan kai ka yi tafiyar mita 240 a layin da ba naka ba. Mota mai zuwa da gudun 100, wanda ba baƙon abu ba ne a wannan hanya, ta ci mita 300. Jimla ya haura rabin kilomita. Wannan ita ce hanyar da ya kamata idonka ya gani fayau babu kowa kafin ka fito. A hazon Janairu da yamma, sau da yawa rabin haka ma ba ka gani. Ke nan ko da babu amalanke, ko da direban tirela da hannunsa ya yafito shi, babu dalilin fitowa.

Yaron ya yi shiru da ya ga lissafin. A kan babur shan gaba abu ne na ƙiftawar ido, kuma in ta ɓaci akwai 'yar kafar da za a lafe. Bai taɓa kawowa a ransa mota na daɗewa haka a layin mutane ba.

Rashin duba madubi bai cutar da shi a ranar ba, don an yi sa'a babu mai shan gabansa. Sa'a ce kawai. Rashin sauko da giya ya sa motar ta yi nauyin tashi, ya daɗe a gefen tirela fiye da kima. Murɗa sitiyari tare da take birki da ƙarfi a tsohuwar mota irin wannan shi ke sa taya ta kulle mota ta ƙi bin hannu, ko da yake a nan, tsakanin tirela da bas, ba zan ce yana da wata mafita da ta fi rairayin ba.

Tayar da ta fashe ma ta yi magana. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Ta kawu ta haura shekara takwas, ya saye ta ne 'yar Kwatano don zanenta bai cinye ba. FRSC tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, ga zafin kwaltar Kebbi a Afrilu ba ya raga mata.

Bel kuwa ba ya buƙatar dogon bayani, goshin kawu ya isa. Tun farkon 2003 aka fara tilasta ɗaura shi a Najeriya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwar na kujerar gaba da kusan rabi. Abin lura kawai shi ne wanda ya tsira lafiya ba don ya yarda da bel ya ɗaura ba, don tsoron tara ne.

Haƙƙin kawu

Zai yi sauƙi a ɗora wa kawu komai, amma ba adalci ba ne. Mutumin da ya yi shekara ashirin a hanyar Sakkwato yana dawowa gida ya san abubuwan da babu su a allon makaranta. Ya san in saniya ɗaya ta tsallaka to akwai goma a bayanta, kuma ɗan maraƙin da aka bari a ɗaya gefen shi ne zai faɗo maka. Ya san raƙumi ba ya jin ham. Ya san ganyen da aka jera a kan kwalta na nufin akwai mota lalatacciya a gaba, ya san ƙauyen da ake shanya a bakin titi, da wanda yara ke fitowa daga makarantar allo dab da magariba. Shi kansa da shi ke riƙe da sitiyari a ranar, ina kyautata zaton ba zai fito ba, don ba siginar kaɗai yake karantawa ba. Yana haɗa ta da yanayin tafiyar tirelar, da inda suke a hanya, da ƙurar da ke tashi a gefe, ba tare da ya san yana yi ba.

Illar ke nan. Abin da tsohon direba ke iya faɗa da baki shi ne gajeriyar hanya: in ka ga sigina, wuce. Abin da ke tsare shi kuwa, wato dubban abubuwan da idonsa ya tara, ba ya faɗuwa, ba ya kuma gaduwa a wata biyu. Sai yaro ya ɗauki gangancin ya bar garkuwar. Laifin kawu na zahiri guda biyu ne: ya ba mai koyo mota a babbar hanya cikin hazo, sannan ya sunkuyar da kai. Wanda ke zaune gefen mai koyo, tuƙi yake yi shi ma.

Gyaran da aka yi

Malamin bai ƙara masa ko darasi ɗaya na sitiyari ba. Duk abin da ya biyo baya aikin ido ne.

Ya fara da sa shi magana. Tun daga tayar da mota har kashe ta, sai ya riƙa faɗin abin da yake gani da ƙarfi: ga mai kabu-kabu a madubin dama, ga yarinya da tallan gyaɗa tana son tsallakawa, mai Keke ɗin can ya rage gudu ba sigina, zai tsaya ɗaukar fasinja. In ya yi shiru na ɗan lokaci malam ya buga dashbod. Kwanakin farko kunya ta hana shi, ga kuma abin faɗin ba ya zuwa, don bai saba kallon abin da ya wuce hancin motarsa ba. Wannan dabara tana da amfani biyu. Malam yana jin abin da ɗalibi bai gani ba tun kafin ya zama matsala, ɗalibi kuma ba ya iya raba tuƙinsa gida biyu, don baki ba ya faɗin abin da ido bai kalla ba.

Sai ƙidayar tazara. In motar gaba ta wuce wata alama, falwaya ko bishiya, ya fara ƙirga: dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku. In ya iso alamar bai kai uku ba, ya matso da yawa. A bayan babbar mota, ko cikin hazo, ko da damina, sai ya ninka. Ya yi ƙorafin cewa in ya bar wannan fili wani zai shiga. Malam ya ce ya shiga mana, ka sake ja baya, gidanku ba ya gudu.

Ya kuma nuna masa abin da gudu ke yi wa birki, a wani fili bayan gari. A busasshiyar kwalta da taya mai kyau, in aka haɗa da lokacin da ƙafa ke ɗauka ta isa birki, mota mai gudun 50 tana buƙatar kamar mita 35 ta tsaya cak. Mai gudun 80 kusan mita 70. Mai gudun 100 tana neman mita 100. In gudu ya ninka biyu, tafiyar da mota ke yi bayan an take birki ninkawa huɗu take yi. A rairayi ko jiƙaƙƙiyar hanya abin ya fi haka. Waya ma da wannan ma'auni ya auna masa ita: daƙiƙa uku kana duba wanda ya kira, a gudun 80, ka yi tafiyar mita 66 ido rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau huɗu.

Kafin kowane motsi, fita daga fakin ne, sauya layi ne, ko shan kwana, aka kafa masa jeri ɗaya: madubi, sigina, leƙe ta kafaɗa, sannan motsi. Leƙen kafaɗar ya raina shi har sai da malam ya zaunar da shi a kujerar direba ya sa wani ɗalibi ya zagaya motar a ƙafa. Akwai wurin da mutumin ya ɓace ɓat daga madubai uku, alhali yana tsaye dab da ƙofar baya. Yaron ya gane wurin nan take. Nan ne inda shi kansa ya saba laɓewa da babur yana zagin direbobi wai ba su gani.

Darasi ɗaya kawu ne ya bayar da shi, bayan an cire masa zare. Ya kai shi inda tireloli ke kwana, ya roƙi wani abokinsa ya bar yaron ya hau kujerar direba, sannan ya ajiye Golf ɗinsa a bayan tirelar daidai tazarar da suka bari a ranar. Daga sama babu Golf, ko inuwarta. Kawu ya ce masa, "In ba ka ganin madubin mai tirela, shi ma bai ganin ka, ɗana." Daga nan bai ƙara ba shi mota a wajen gari ba sai da alamar L, kuma ya daina lissafin kuɗi in yaron na tuƙi. Ratayen bel dai bai daina ba.

Sakin giya a gangara bai ɗauki lokaci ba, da aka nuna masa cewa motar da ba ta cikin giya birki kaɗai ke riƙe ta. Duba mota kafin tashi, ruwan lagireto, baƙin mai, man birki, iskar taya, fitilu, da tabbatar da akwai safaya, jak, abin kashe gobara da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, wannan dama ɗan babur ne, bai ba shi wahala ba.

Gwajin da abin da ya biyo baya

An yi gwajin bayan mako biyar da ranar da aka soke. Jami'in ya fara da alamomin hanya: da'ira mai jan baki hani ce, mai kusurwa uku gargaɗi, shuɗiyar da'ira umarni, farin layi marar yankewa a tsakiyar titi ba a tsallaka shi don shan gaba. Sannan suka fita. Tashi daga fakin, shataletale, kwanar hagu a mahaɗa, ribas, tsayawa a inda aka nuna. Ya gyara kujera da madubi kafin ya tayar, ya maƙala bel, ya jira a bakin shataletale har na bayansa suka dame shi da ham bai motsa ba sai da hagunsa ta yi fili. Gyara ɗaya aka yi masa, ya bar sigina tana ƙiftawa bayan ya gama shan kwana. Ya ci.

Sai dai a faɗi gaskiya, da an yi masa gwajin nan a ranar farko da aka sa, da wuya ya faɗi. Ya iya tuƙin safe. Gwaji na ɗan lokaci ne cikin gari, babu tirela, babu hazo, babu mai gida a baya yana duba agogo. Ba laifin masu gwajin ba ne, babu gwajin da zai iya kai mutum hanyar Koko da dare ya ga abin da zai yi. Abin da takardar ke shaidawa shi ne mutum ya san daidai kuma yana iya yin sa in ana kallonsa.

Malamin ya san haka, shi ya sa ya nemi ganin Alhaji kafin yaron ya kama aiki. Ya roƙe shi abu biyu: kada a ba shi tafiyar dare ko doguwar hanya a watannin farko, kuma kada a ce masa ya yi sauri. Alhaji ya ce na farkon mai sauƙi ne, na biyun sai dai a yi ta haƙuri da juna, don kasuwa ba ta jira. Aka tsaya a kan cewa tafiyar Yawuri da Kwantagora tsohon direbansa zai ci gaba da yi, yaron kuma ya riƙe cikin gari da Argungu, ya ajiye mota kafin isha'i. Lambar 122 ta kiran FRSC in an yi haɗari tana rubuce a wayarsa.

Wata uku da fara aiki, ƙorafin Alhaji guda ne: yaron zai bi bayan tirela tun daga Ambursa ya ƙi wucewa sai ya ga hanya har inda ido ya ƙare, kuma ba ya tayar da mota sai na gaba ya maƙala bel. Na bayan kam har yanzu bai iya ce musu komai ba, musamman in Hajiya ce. Tafiyar Kwantagora kuma an ce sai bayan damina za a sake duba maganarta.